Jan Babur Ɗin Garba Da Rigar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da Garba ya sayi jan babur ba, ko da tsufa zai kwashe duk sauran abin da ke kaina. Ita ce shekarar da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ta haɗa musu da ariya, wato bashin ƙarin na watannin baya, kowa ya rikice da sayayya. Wani ya sayi rediyo, wani keken ɗinki, wani ya yaye bunun ɗakinsa ya sa kwano. A lokacin ko Jihar Sakkwato ba a yi ba, balle a yi mafarkin Zamfara. Ni kuwa malamin gona ne a Bungudu, ban daɗe da aure ba, aikina zagaya ƙauyuka ina nuna wa manoma takin zamani da feshin auduga.

Kafin wannan shekara, in ana maganar babur a ƙasar Bungudu, to maganata ake yi. Ba alfahari ba ne (to, alfahari ne, amma gaskiya ce). Ina da wani tsohon babur ɗan Japan da na saya a hannun wani Bature mai awon hanya da zai koma gida. Irin masu dogayen ƙafafun nan ne, tayoyinsa masu haƙora, kansa mai faɗi kamar ƙahon bijimi, ya hau kwalta ya kuma shiga daji duk ɗaya ne a wurinsa. Saboda tsayinsa mutane suka sa masa suna Raƙumi. Rairayin gulbi da ke kayar da kowa, Raƙumi ratsa shi yake yi yana hayaƙi. Mai unguwa in zai je gaisuwar mutuwa ni ake nema. A rugagen Fulani ina tsayawa za a fito da ƙwaryar nono.

Amma fa tsoho ne, kuma tsufansa ba ɓoyayye ba ne. Tankinsa ya lotsa ta gefe guda. Sirdinsa wani baduku ne ya yi masa faci da jar fata. Salansarsa ta asali ta ruɓe tun a hannun Baturen, aka ɗaura masa ta babur ɗin gari, tana kwance can ƙasa kusa da taya. Ba ya shan fetur zalla, sai na auna baƙin mai da gwangwanin madara na haɗa masa. Kullum akwai fulogi a aljihun rigata, kusa da biro, domin Raƙumi yana iya ɗauke numfashi a tsakiyar gonar mutum ba sallama. Ran Asabar da safe sai in shimfiɗa buhu a ƙofar gida, in kwance kaca in wanke ta da kananzir, in kankare fulogi da tsohuwar reza, in bi kowane noti in ɗaure. In wani abu ya karye, ba a samunsa a Gusau, sai na ba direban Kano sautu na zauna jira. Duk wannan bai taɓa damuna ba. Ina son abina, yana sona.

Garba kuwa abokina ne tun makarantar koyon aikin gona, mutumin Tsafe. Da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa ofishinmu, da keke ya zo, kekensa ma mai birki ɗaya. Ni nake goya shi zuwa Gusau karɓar albashi. Yana bayana yana riƙe da hularsa, ina ba shi labarin yadda ake sarrafa babur a cikin yashi, yana cewa, “Allah shi nuna muna, mutumina.” Ni kuma in ce amin da zuciya ɗaya, domin ban taɓa zaton Allah zai nuna masa da wuri haka ba.

Wata Litinin muna zaune a gindin dalbejiyar ofis muka ji wani sauti mai laushi, kamar mage tana gurnani. Sai ga Garba ya shawo kwana a kan wani abu ja wur, yana ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kansa. Ko ledar sirdin bai cire ba. Shi ma mai dogayen ƙafafu ne, ɗan'uwan Raƙumi, sai dai jikansa ne. Madigadinsa na gaba yana can sama nesa da taya, madubai biyu, fitilun nuna hanya masu ƙyaftawa. Salansarsa kuwa ba a ƙasa take ba, ta taso ta bi gefen sirdi ta miƙe baya, kanta a sama kamar wutsiyar kunama.

Kowa ya tashi. Har akawunmu da ba ya tashi ko don shugaban ofis. Aka kewaye shi ana shafawa, ana sa albarka. Ni ma na tashi, na ce, “Kai, masha Allah, Allah shi tsare,” na yi dariya har haƙorana na ƙarshe suka fito. Amma wallahi dariyar ba ta kai zuci ba. Na waiwaya na dubi Raƙumi a jingine da bango, ɗigon baƙin mai a ƙarƙashinsa, sai na ga kamar a daren jiya ya ƙara tsufa.

Daga ranar na zama masanin aibin sabon babur. Duk wanda ya yaba, ina da amsa. “Ai irin waɗanga ba su da ƙarko, duk roba ce.” “Ja yana jawo hankalin shanu, ka jira ka gani.” “Bari damina ta yi nisa, a nan ake gane babur.” Damina ta yi nisa, babur ɗin Garba bai nuna komai ba sai lafiya. Bugu ɗaya yake tashi. Ni kuwa sai na yi ta harbin Raƙumi har gumi ya jiƙa ni, Garba yana zaune a kan nasa yana jirana cikin haƙuri, wani lokaci har ya sauko ya tura ni. Wannan turawa ta fi zagi ciwo.

Abin da ya fi ba ni haushi da Garba shi ne ba shi da abin haushi. Da ya yi girman kai, da na samu abin riƙewa. Amma sai ya miƙo mini makulli ya ce, “Hau ka ɗana mana, kai ne malamina.” Na ce a'a, bayana ke ciwo. (Ran nan da azahar, da kowa ya tafi masallaci, na lallaɓa bayan ofis na hau shi yana tsaye, na kama kai, na dubi fuskata a madubi. Sirdin kamar katifa. Na sauka ina jin kamar na ci amanar wani.)

Sannu a hankali kasuwata ta mutu. Mai unguwa ya koma aikawa a kira Garba. In mun shiga ƙauye tare, jama'a su yi kan jan babur, a bar ni ni da Raƙumi da awaki. A Furfuri wani dattijo da na sha kaiwa asibiti ya dube ni da tausayi ya ce, “Malam, kai ba a ba ku kuɗin ba ne?” An ba ni. Na gyara ɗaki da su, na yi wa mahaifiyata hidima. Amma a wannan lokacin da za a ce in mayar da ɗakin kango a ba ni jan babur, ban san abin da zan ce ba.

Har cikin gidana abin ya biyo ni. Wata rana Garba ya zo gaishe mu, matata Rakiya ta leƙa ta zaure ta ga abin. Da ya tafi tana zuba mini tuwo ta ce, “Kai Malam, amma babur ɗin abokinka ya yi kyau. Ko ƙara bai da ita.”

Na ce, “Babur da bai da ƙara ai keke ne.”

Ta ce, “To.” Ta ci gaba da zuba miya. Wannan “to” ɗin ta kwana uku tana yi mini yawo a kai.

Sai na yanke shawara. Tunda ba zan iya sayen sabo ba, zan mayar da Raƙumi saurayi. Na ɗauki hutu na 'yan kwanaki, na ce zan kai shi gyara, na nufi Gusau wurin wani mai walda a bayan tasha, Mamman. Mamman mutum ne mai daɗin sha'ani, kuma babbar matsalarsa ke nan: bai taɓa ce wa mai kuɗi a hannu a'a ba. Duk abin da na faɗa sai ya ce, “Ai haka Turawa ka yi.”

Na ce a ɗaga madigadin gaba sama. Haka Turawa ka yi. Na ce a buge lotsawar tanki a shafe shi da ja. Ba a samu fentin mota ba, muka sayo na ƙofa a kasuwa, Mamman ya ce duk fenti fenti ne. Sannan na zo kan babbar magana. Na tsuguna na zana masa a ƙasa yadda salansar Garba take, na ce haka nake so tawa ta koma. Ya yanka ta, ya samo wani bututu ya lanƙwasa a wuta, ya yi ƙari, ya tayar da ita ta bi gefen sirdi, daidai inda ƙafar wanda aka goya take sauka. Da muka tayar, sai na ji sautin bai kai yadda nake so ba. Na ce a zare abin da ke cikinta mai rage ƙara. Ya zare. Muka sake tayarwa, tantabarun tasha gaba ɗaya suka tashi sama, wani jaki ya tsinke igiya. Na ji wani sanyi a raina wanda rabona da shi tun ranar Litinin ɗin nan.

Akwai wani abu guda. A jikin salansar Garba akwai wani faffaɗan ƙarfe mai huji-huji da aka rufa mata. Na tuna da shi, na gaya wa Mamman. Ya sosa ƙeya ya ce ba shi da irinsa sai mako mai zuwa.

Na ce, “Yana da wani amfani ne?”

Ya ce, “Kwalliya ce kawai, Malam.”

Ni ma abin da nake so in ji ke nan. Na hau na kamo hanyar Bungudu, fenti yana ɗan kama wandona, ina tafe ana toshe kunne.

Ina isa gida Rakiya ta tare ni da labari. Jibi Asabar za a ɗaura auren 'yar ƙanin mahaifinta a Nahuce, kuma mahaifin nata ne waliyyi. Ruwa ya ɓata hanyar mota, sai dai a yanka ta daji. Saboda haka Baba ya aika a roƙi Malam Garba ya kai shi.

Bari in gaya muku wane ne surukina. Alhaji Mani, ɗan kasuwar hatsi, dogon dattijo mai furfura, mutumin da ko tari zai yi sai ya duba ko ya dace. Tun da na auri 'yarsa maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba, ni ina tsugune ina kallon ƙasa, shi yana kallon wani wuri can. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai “Malam”. Duk mai hankali zai gane dalilin da ya sa ya nemi Garba: babur ɗina yana wurin gyara, sannan wane dattijo ne zai so ya rungumi bayan mijin 'yarsa? Amma ni a lokacin ba mai hankali ba ne. Abin da na ji kawai shi ne, jan babur ya ƙwace mini mai unguwa, ya ƙwace mini ƙauyuka, yanzu ya shigo zai ƙwace mini suruki.

Na tafi wurin Garba ko ruwa ban sha ba. Na ce masa ai bai dace ba, ina da abin hawa a ce baƙo ne zai ɗauki Baba, mutane za su yi magana. Nan da nan ya yarda, har da ba ni haƙuri. Muka shirya ni in ɗauki Baba, shi ya ɗauko buhun shinkafar da Baba zai kai gudummawa. Ya zagaya Raƙumi yana dubawa, ya ce, “Kai, ya koma sabo!” Ya kai hannu wajen salansar kamar zai yi magana, na riga shi na ce sauri nake yi.

Ran Asabar da hantsi na tsaya a ƙofar gidan Alhaji. Na kashe inji tun daga nesa na turo shi, don ladabi. Ya fito cikin wata farar babbar riga ta shadda, aiki tun daga wuya har ciki, sabuwa fil, ƙamshin turare yana tashi. Daga baya na ji cewa tun dawowarsa daga Makka take ajiye a akwati tana jiran rana irin wannan. Ya tsaya ya dubi babur, ya dubi Garba da buhun shinkafa, ya dawo ya dubi babur.

“Wanga shi ne na da?”

“Shi ne, Baba. Gyara anka yi mai.”

Ya ce, “To. Allah shi kai mu lahiya.”

Ya tattara rigarsa ya hau, ya zauna can ƙarshen sirdi don kada jikinsa ya taɓa nawa, ya kama ƙarfen baya. Na harba. Ikon Allah, bugu ɗaya Raƙumi ya tashi, da wata irin ƙara da ta sa kajin unguwa suka watse. Na saci kallon Garba. Nasa ma yana aiki, amma wa ke jin sa?

Muka fita gari muka kama 'yar siririyar hanya tsakanin gonaki. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, ko'ina mutane a gona. Ina gaba, Garba na baya da nauyin shinkafa. Duk inda muka gifta sai an ɗago kai. Na gyara zama, na buɗe kafaɗu. Wata nawa rabon da a kalle ni haka!

Mun yi nisa sosai sai na ji Baba ya ɗan taɓa kafaɗata da yatsa. Na ɗauka tsoro ne irin na tsofaffi. Na karkata kai na ɗaga murya, “Kada ka damu, Baba, na riƙe shi!” Ya faɗi wani abu, iska da salansa suka cinye. Na gyaɗa kai kamar na ji, na ce, “Ƙwarai kuwa, Baba!”

Can gaba na fara jin wani ƙauri. Na ce a raina wani yana gasa masara a gona.

Sai wasu Fulani mata masu tallan nono suka yi gefe da ƙorensu, suna nuna mu suna ihu. Gaba kaɗan wasu manoma suka yar da lauje suka fito bakin hanya a guje suna ɗaga hannuwa. A cikin ƙarar na tsinci kalma ɗaya.

“Wuta! Malam, wuta!”

To, ku yi mini adalci. Mutum yana kan babur, jama'a suna ce masa wuta, me zai fahimta? Na ce, Allahu akbar, ashe har yanzu ana sona a ƙasar nan. Na ɗaga musu hannu ɗaya, na murɗa totur, na ba shi wuta kamar yadda suka nema.

Sai na ji hon a bayana. Garba ne, yana ta dannawa ba ƙaƙƙautawa, yana matsowa. (Ban sani ba ashe ya kwance buhun shinkafa ya yar a hanya.) Zuciyata ta ce, ka gani ko? Duk kirkin nan na baki ne. Ya ga ana yi maka kirari, ya kasa daurewa, so yake ya wuce ka a gaban surukinka. Na ce yau ko ni ko shi. In ya zo dama in tare dama, in ya koma hagu in tare hagu. Baba yana ta bubbuga bayana, yanzu da tafin hannu, ni kuwa na ɗauka shi ma tseren ya shige shi.

Mun hango rumbunan Nahuce ke nan Garba ya faɗa cikin wata gonar gyaɗa, ya yanko, ya jero da ni. Hularsa ta faɗi, idanunsa waje, yana nuna bayana yana buɗe baki. Kafin in gama fassara wannan a matsayin wani sabon cin fuska, sai na ji an damƙi kunnena an murɗe. Alhaji Mani, mutumin da bai taɓa haɗa ido da ni ba, ya sa bakinsa cikin kunnena ya kira sunana na yanka, ya haɗa da na ubana, ya ce, “Tsaya, don Allah! Ƙonewa nikai!”

Na waiwaya. Inna lillahi. Gefen babbar rigar nan gaba ɗaya hayaƙi ne, harshen wuta yana bin shadda yana hawa, iskar gudun da nake yi tana hura shi kamar zugazugi.

Har yau in ana labarin ina cewa da gangan na yi abin da ya biyo baya. Gaskiyar magana, na nemi birki na rasa inda yake. A bakin garin akwai wani kududdufi inda ake haƙar ƙasar gini, ruwan damina ya cika shi, gansakuka ta rufe shi kore shar. Hanya ta lanƙwasa, ni ban lanƙwasa ba. Muka tafi da ni da Baba da Raƙumi, tsundum. Salansa ta yi wani dogon tsaki, ƙarar duniya ta ɗauke ɗif.

Da na ɗago kai ina tofar da ruwa, abin da na fara gani shi ne jama'a. Ashe a ƙofar gidan da ke kallon kududdufin za a ɗaura auren. Tabarmi a shimfiɗe, liman, dattawa, dangin ango daga nesa, maroƙa, kowa yana zaune yana jiran waliyyi. Ga waliyyi ya iso.

Baba ya miƙe tsaye, ruwa iya cinyarsa. Ta gaba rigar tana nan da aikinta, sai dai ta zama kore. Ta baya da gefen dama kuwa babu ita, sai baƙin gefe-gefe yana ɗiga. Wandonsa ya ɓule tun daga ƙwauri har inda bai kamata in faɗa ba. Hularsa tana yawo a kan ruwa. Ya dai sa hannu biyu ya kama abin da ya rage ta baya ya haɗe. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan shirun ya fi dariya muni.

Ni kuma da na fito, wata tsohuwa ta leƙo ta kan katanga ta ƙwalla salati, wai jini, cinyoyina duk jini. Aka yo kaina. Wani ya shafa ya shinshina ya ce, “Fenti ne.” A nan ne dariyar ta fashe, ta kuma fashe gaba ɗaya, har da waɗanda suka yi ta danne ta saboda Alhaji.

Wa ya shiga ruwa da takalmansa ya kamo hannun Baba? Garba. Wa ya tuɓe tasa rigar ya lulluɓa masa? Garba. Wa ya ɗora shi a jan babur ya zagaya da shi ta bayan gida don ya sake kaya? Ina tsaye ina ɗiga, ina ji ana cewa, “Allah shi yi ma yaron ga albarka.” Duk wahalar da na sha don kada Baba ya hau babur ɗin nan, ga shi ya hau, a gaban mutanen da suka fi na Bungudu yawa.

An ɗaura aure Baba yana sanye da aron rigar ƙaninsa, wadda ta tsaya masa a gwiwa. Ni ban je kan tabarma ba. Ina can ina jan Raƙumi daga laka, ina jiyo fatiha daga nesa, ina shafawa da hannu mai taɓo. Da aka watse wani maroƙi ya biyo ni har bakin ruwa yana kirari, “Malam mai wuta! Ka ɗauko suruki ɗanye ka kawo shi gasasshe!” Sai da na ba shi abin da ke aljihuna, ba don ya ci gaba ba, don ya yi shiru. Bai yi ba.

Ƙunar ta kama Baba a ƙwauri da gefen cinya. Allah ya taƙaita, amma ya yi makonni yana ɗingishi, bai fita kasuwa ba. Rakiya ta tafi gida jinya, ta kuma yi mini irin shirun da ya fi faɗa. Sai da na kwana biyu ina tattara ƙarfin hali kafin na je ba da haƙuri. Na same shi a zaure, ƙafa a miƙe an shafa magani. Na tsuguna nesa, na yi ta jero kalmomin da na haddace a hanya. Ya bar ni har na ƙare.

Sannan ya ce, “Tun bakin kasuwar Bungudu na ji ƙarfen ga na gasa min ƙafa. Na ji nauyin in ce maka. Shi ne na naɗe riga na tare da ita.”

Na ce, “Ayya Baba, da ka yi magana.”

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko ido cikin ido. “Na yi magana, Malam. Na yi roƙo. Har wa'azi na yi maka. Kai ko kana ce min ƙwarai kuwa.”

Na rasa inda zan sa fuskata. Can sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya juya kai gefe, wai tari yake yi. Ya ce in tashi in tafi, ya yafe, amma ko gawarsa ce kada a ɗora a babur ɗina.

Garba ne ya zo da igiya ya jawo Raƙumi har gida. Shi ya taya ni kwance inji muka tsiyaye ruwa, muka shanya, muka mayar da salansa ƙasa inda take tun farko. Fentin kuwa da kansa ya yi ta ɓarewa, ya bar tankin dabbare-dabbare. Kuma kun san abin da bawan Allahn nan ya yi ta gaya wa mutane a ofis da kasuwa? Wai bai taɓa ganin saurin tunani irin nawa ba, da ban faɗa ruwan nan ba da Alhaji ya ƙone ƙurmus. Da zuciya ɗaya yake faɗa. Bai taɓa gane cewa tsere nake yi da shi ba, ni kuma ban taɓa gaya masa ba. Ɗan mutuncin da ya rage mini a Bungudu, shi ma daga hannunsa na karɓa. Na gode masa, na kuma ji haushinsa kaɗan a kan hakan, Allah ya yafe mini.

Ban ce na warke daga hassada ba, don kada in ƙara ƙarya a kan laifi. Ko bara da maƙwabcina ya sake mota sai da na ji ɗan motsi a ciki. Abin da dai na koya shi ne wannan: duk ranar da na ga jama'a sun taso gaba ɗaya suna ɗaga mini hannu suna ihu, ba na ƙara cewa yabo ne. Tsayawa nake yi, in kashe inji, in waiwaya in duba wanda na goyo.